Tawul Mai Ratsin Shuɗi

Da asuba ya shigo Roseau,
farin gari guda a kan ruwa.
Hawa goma sha biyu, na ƙirga,
ya kere cocinmu, ya tare mana teku.

Tun daren jiya na wanke bas.
Kujera sha huɗu, baki sha huɗu, kowa da tambaya.
Cuthbert, wancan wane itace ne?
Koko.
Wancan fa?
Kirfa. Ɓantari ɓawon ki shinshina.
To, wancan rufin da ba gida a ƙarƙashinsa?
Guguwa ce ta ajiye, ba ta dawo ɗauka ba.
Suka yi dariya. Na taya su,
da kuɗin dariyar a cikin kuɗin mota.

Hanyar tudu ba ta san miƙewa ba.
Kwana kan kwana, a giya ta biyu,
ayaba na shafar gilashi,
hazo na sauka gaishe mu ya koma.
Kafin ido ya gani, kunne ya riga ya ji:
matsirga biyu, Uba da Uwa,
ɗaya dogo mai faɗa,
ɗaya gajera mai yalwa,
shekara da shekaru suna magana
ba wanda ya saurara wa wani.

Minti arba'in, na ce, kada a wuce.
Dutsen nan da gansakuka, a taka a hankali.
Wayoyi suka tashi sama kamar masu rantsuwa.
Wani ya juya wa ruwan baya
don ya samu shiga hoto da shi.

Kowa ya zo da tawul daga jirgi,
fari, da ratsin shuɗi a gefe.
Wata tsohuwa mai sandar ƙarfe
ta ce in riƙe mata nata.
Na karɓa.
Ninki uku, sannan an tura kusurwa ciki.

Haka Eudora take ninke kaya
kafin ƙasa ta rufe mata ido.
Haka ta koya wa Verlyn.

Na sani, na sani,
hannaye da yawa ne a can ƙasan jirgi,
tawul kuwa ya fi dubu.
Amma wata takwas ke nan 'yata tana ciki,
ƙasa da inda ruwa yake marin ƙarfe,
ɗakin wanki, ba taga,
rana sai ta agogo.
Jiya ta turo saƙo:
Baba, gobe muna gida,
amma ba layina ba ne na sauka.

A wannan kududdufin ta koyi iyo.
Tana shekara biyar ta ƙwace daga hannuna
ta ce ruwan ya san sunanta.
Yau ga baƙi a ciki har wuya
suna ihun sanyi da harsuna huɗu,
ita kuma tana can tana jiran jiƙaƙƙun kayansu.

Tsohuwar ta fito tana kyarma, haƙora na haɗuwa.
Ta ce, ka yi sa'a, kullum kana ganin wannan.
Na ce, haka ne.
Ta goge fuska, ta goge gashi,
tawul ya sha ruwan Uwa ya ƙoshi.

Da ta juya neman takalminta
sai na zaro ɓawon kirfar nan daga aljihu,
ɗan guntu, bai kai yatsa ba,
na cusa a ciki, na ninke:
uku, kusurwa ciki.

Ƙarfe biyar ya busa ƙaho.
Masu sayar da tsaraba suka fara kwashe rumfa.
Na tsaya a bakin gada, inji a kashe,
ban ƙirga kuɗin ba tukuna,
ina duban ƙasan jirgin
inda babu abin dubawa sai fenti.

Wataƙila wani ne zai kakkaɓe shi,
ya share guntun da tsintsiya.
Wataƙila.
Amma sha huɗu na aika, duk a jiƙe.
Ko ɗaya dai
ya faɗa hannunta kafin ya bushe.